Gurbi na uku a layin farko: masu bin sawun tsohon kan sarki da abin da ke kwance a adakokin Gombe

Daga Bagadaza, Gombe

Wasiƙar da ta tashi daga gidan wayar Nafada a wajajen 1910, zamanin da garin ke da barikin soja kuma kayan Turawa ke isowa ta kogin Gongola, kan sarkin da ke manne a goshinta daga Landan ya zo. Kamfanin De La Rue ne ya buga shi, hoton Sarki Edward na Bakwai a tsakiya, sunan Nijeriya ta Arewa a sama, kuɗinsa a ƙasa. Akawun gidan waya ya yago shi daga falle mai guda 120, ya karɓi kwabonsa, ya doka hatimi, ya kira na gaba. Da shi da mai wasiƙar babu wanda ya damu da ko daga wane gefen fallen aka yago shi. Amma yau akwai mutanen da wannan tambaya ce ke hana su barci. Ka miƙa wa ɗayansu wannan 'yar takarda da ba ta fi kan babban yatsa ba, ya ɗauke ta da hantsaki, ya kara gilashin ƙara girma, in an yi dace ya ce maka: wannan daga faranti na 1 ya fito, ɓangaren hagu, layin farko, gurbi na uku.

Wannan fanni, wato mayar da kowane kan sarki gurbin da ya zauna a farantin ɗab'i, masu tara kan sarki suna ɗaukarsa a cikin mafi wuya a harkarsu, kuma shi ne wanda mutum ɗaya ba ya iya kammalawa shi kaɗai. Ga wanda bai saba ba, duk guda 120 ɗin iri ɗaya ne sak. Haka ma baƙo yake ganin garken fararen shanu, alhali Bafulatanin da ke kiwonsu ya san kowace saniya da karkatar ƙahonta da tabon kunnenta.

Yadda abin ya samo asali

Kan sarki mai mannuwa na farko a duniya Ingila ce ta fitar, aka fara aiki da shi ranar 6 ga Mayu, 1840, bisa shawarar Rowland Hill. Baƙi ne, na kwabo ɗaya, da hoton Sarauniya Victoria, shi ake kira Penny Black. Dattawan da suka yi ciniki kafin naira da kwabo su shigo a 1973 ba sai an yi musu dogon bayanin tsarin fallensa ba. Kwabo 12 sule, sule 20 fam. Saboda haka aka jera guda 12 a kowane layi, layi 20 a falle: layi ɗaya sule, falle ɗaya mai guda 240 fam guda. Lissafin akawu ya zo da sauƙi.

Kamfanin Perkins, Bacon da Petch ne ya yi ɗab'in, kuma a yadda suka yi aikin ne duk wannan ilimi ya tsiro. Zane guda tak aka sassaƙa a kan ƙarfe, aka taurara shi. Sai aka danna wata 'yar gangar ƙarfe mai laushi a kansa ta ɗauki zanen, ita ma aka taurara ta, sannan aka yi ta mirgina ta a kan faranti har sau 240. Kusurwoyi biyu na ƙasa an bar su fayau, daga baya ma'aikaci ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana doka haruffa da hannu. Harafin hagu yana nuna layi, daga A zuwa T, na dama yana nuna matsayi a cikin layin, daga A zuwa L. Na farko a sama ta hagu AA ne, na ƙarshe a ƙasa ta dama TL. An yi haka ne don a wahalar da masu buga jabu, domin wanda ya kwaikwayi guda ɗaya ya yi ta bugawa, haruffansa za su riƙa maimaituwa har a farga.

Ke nan gurbin Penny Black a rubuce yake a jikinsa. Wahalar tana wajen gano farantin. An yi faranti 11, kuma na farkon ya sha gyara sosai har ake lissafa shi biyu, ya zama 12. Tun da hannun ɗan Adam ne ya doka haruffan, babu faranti biyu da harafi ya faɗa wuri ɗaya: a wannan ya karkata hagu, a wancan ya kusa taɓa layin ƙasa, a wani an doka sau biyu. Ga kuma karcewar ƙarfe, ga inda aka sake danna gangar a kan tsohon zane har layuka suka ninku. In ka ninka 240 sau 12, guda 2,880 ke nan, kowanne da kamanninsa. An buga guda 68,808,000 gaba ɗaya, amma faranti na 11 guda 168,000 kacal ya fitar da baƙin tawada. Shi ya sa biyu za su zo gwanjo, ido ya ga abu ɗaya, kuɗin ɗaya ya ninka na ɗayan sau da yawa. A watan Fabrairun 1841 aka sauya launin zuwa ja, saboda jan hatimin da ake kashe baƙin da shi mutane sun gano yadda ake wanke shi su sake amfani da kan sarkin. Wasu daga cikin tsofaffin farantan da su aka ci gaba da buga jan, don haka babban abin alfaharin mai tarawa shi ne ya haɗa baƙi da ja masu haruffa ɗaya daga faranti ɗaya, tabonsu ɗaya.

Mutumin da sunansa ya fi fitowa a nan shi ne Charles Nissen, dillalin kan sarki a Landan, wanda a 1922 ya fitar da littafin da ya jera hotunan gurabun Penny Black faranti bayan faranti. Tun kafin nan ya nuna cewa wannan ƙwaƙƙwafi ba wasan masu hutu ba ne. A 1898, yana saurayi, yana duba wasu koraye na sule ɗaya da aka ciro daga tsofaffin takardun tangaraho na gidan wayar kasuwar hannun jari ta Landan, sai ya ga ɗab'in bai yi masa ba. Babu tambarin da ake ɓoyewa cikin takarda, kuma wasu suna ɗauke da haɗin haruffan da babu shi sam a farantin gaskiya. Ashe tun 1872 zuwa 1873 wani ya yi ta sayar da jabu a kan kantar gidan wayar yana zuba kuɗin a aljihu. Shekara 25 hukuma ba ta sani ba, kuma har yau ba a tabbatar da ko wane ne ba.

Inda babu haruffa fa? A nan ne haƙuri yake ƙarewa ko ya tabbata. Wani likita Ba'amurke, Carroll Chase, ya ɗauki kan sarkin Amurka na santi 3 na 1851, mai guda 200 a faranti ba tare da wata alamar gurbi ba, ya yi shekaru yana haɗa shi, har ya wallafa sakamakon a 1929. Dabarar ita ce neman waɗanda ba a raba ba: biyu a manne, uku a jere, huɗu a dunƙule. In ka sami biyu a manne, na dama yana da wani tabo, sannan ka sami wasu biyun da na hagunsu ke da wannan tabon, to ka san uku a jere ke nan. Wanda ya zo da farin gefen takarda a sama, layin farko ne. Wanda ya zo da gefe biyu, kusurwa ce, daga nan ake kafa ƙidaya. A haka ake tafiya har faranti ya cika. Babu mai tarin da ya ishe shi wannan aiki, dole ya aro na wasu, ya aika hoto, a aiko masa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Namu na Arewa

Kafin 1900, Kamfanin Neja kan sarkin Ingila yake mannawa a Lakwaja da Burutu da Akasa, ya kashe da hatiminsa. Ranar 1 ga Janairu, 1900 Lugga ya kafa mulkin Nijeriya ta Arewa, kuma a shekarar aka kawo kan sarki mai sunanta, da hoton Victoria, daga na ɗari, wato rabin kwabo, har na sule 10. Bai daɗe ba, domin ta rasu a Janairun 1901, na Edward ya fito a 1902, shekarar da Turawa suka shigo ƙasar Gombe, shekara guda kafin yaƙin Burmi. Na George na Biyar ya biyo a 1912, aka haɗe Kudu da Arewa a 1914, sunan Nijeriya ta Arewa ya bar kan sarki. Shekara 14 ke nan duka-duka. A cikinsu akwai na fam 25 da aka fitar a 1904, wanda ba don wasiƙa aka yi shi ba, don biyan kuɗin lasisi ne, kuma yana cikin mafi wuyar samu a duk na Afirka ta Yamma.

De La Rue ba irin ɗab'in Penny Black suka yi ba. 'Yan kasuwa ne masu tsimi. Maimakon kowace ƙasar da Ingila ke mulka a yi mata zanenta, sai suka yi faranti guda mai hoton sarkin da ƙawar da ke kewaye da shi, suka bar gurbin suna da na kuɗi babu komai. Kowace ƙasa kuma aka yi mata ƙaramin faranti na biyu mai sunanta da kuɗin. Takarda ta shiga inji sau biyu, shi ya sa za ka ga da yawansu launi biyu ne. Fallen guda 120 ne, an raba shi gida biyu, 60 hagu 60 dama, kowane gida layi 10 mai guda 6, lambar faranti kuma tana farin gefen takarda.

Aikin kamfanin yana da tsabta ƙwarai, don haka ba kowane gurbi ne ke da alamar da za a kama shi da ita ba. Amma ƙarfe ƙarfe ne, yana faɗuwa, yana karcewa. A farantin Edward na 1, gida na hagu, gurbi na uku a layin farko, wani abu ya bugi saman zanen ya ɓata layin kewaye da gefen kambin sarauta. Masu tarawa suna kiransa tabon Spaven, da sunan wanda ya yi bincike a kansa. Abin sha'awar shi ne, tun da farantin na kowa ne, wannan tabo yana kan na Nijeriya ta Arewa, yana kan na Gwalkwas, wato Gana ta yau, yana kan na Fiji da na tsibiran Leeward a yankin Karibiyan. Mai nazarin kan sarkin wani tsibiri da bai taɓa jin sunan Nafada ba, bincikensa yana warware wa mai nazarin namu matsala. Kundin farashi na Stanley Gibbons yana rubuta irin wannan gurbi a taƙaice, lambar layi sannan lambar matsayi, kuma mai tabo ya fi lafiyayye tsada nesa ba kusa ba.

Wanda iyayenmu suka fi sani shi ne jerin 1953, na farkon zamanin Sarauniya Elizabeth, wanda Maurice Fievet ya zana, kamfanin Waterlow ya buga. Na kwabo mahayan Barno ne, na ahu, wato kwabo da rabi, gyaɗa, na kwabo biyu haƙar kuza, na taro, wato kwabo uku, gadar Jebba, na sule 10 fatu da ƙiraga. An yi ta sake buga su har bayan samun 'yanci, farantai suka tsufa aka gyara, launi ya riƙa sauyawa daga bugu zuwa bugu. A 1960 aka ɗauki wannan jerin aka buga masa ƙarin rubutu don yankin Kamaru da Ingila ke riƙo, wanda arewacinsa ya zaɓi Nijeriya a ƙuri'ar Fabrairun 1961 ya zama Lardin Sardauna. Irin wannan ƙarin rubutu aljannar masu gano gurbi ne, saboda haruffan da aka jera ba sa rasa mai karyayyen baki ko wanda ya goce. Maƙwabtanmu na Nijar ma da haka suka fara: a 1921 aka buga sunan yankinsu a kan wani tsohon kan sarki mai hoton mahayin raƙumi, kafin a 1926 su sami nasu, har da mai hoton ganuwar sojan Damagaram.

Su wa suka yi aikin, me ya rage

Gaskiyar da ba ta da daɗin faɗa ita ce, kusan duk abin da aka rubuta a kan kan sarkinmu na da, a Ingila aka rubuta shi. Akwai ƙungiyar West Africa Study Circle da aka kafa a 1950, mai mujalla mai suna Cameo, inda mambobi ke buga abin da suka gano, wani ya ƙara, wani ya gyara. Jack Ince da John Sacher sun fitar da ƙaton littafi a 1992 kan harkar gidan waya a yankin Nijeriya kafin 1914, ƙarƙashin Royal Philatelic Society ta Landan, wadda ta kafu tun 1869. Edward Proud ya biyo da nasa tarihin gidajen wayar Nijeriya a 1995, mai jera hatiman garuruwa. Ba laifinsu ba ne da suka riga mu. Sun yi aiki da abin da ya isa hannunsu, wato wasiƙun da joji da soja da ɗan mishan da ma'aikacin kanti suka aika gida. Wasiƙar da ta tashi daga Gombe zuwa Kumo, ko daga Dukku zuwa Bauchi, ba ta da dalilin zuwa Landan. In ta tsira, tana nan.

Ga dalilin da ya sa wannan ya shafi ilimin gurbi kai tsaye. Gano cewa tabo yana gurbi kaza rabin aiki ne. Sauran rabin shi ne yaushe farantin ya sami rauni, yaushe aka gyara, wane bugu aka aika wace ƙasa, wane gidan waya ya sayar da shi. Amsar tana jikin hatimi, domin shi ke ɗauke da sunan gari da kwanan wata. Masu bincike suna ajiye jerin rana mafi dadewa da mafi kusa da aka ga kowane hatimi da kowane bugu, kuma ambulan ɗaya tak yana iya tura wannan rana baya da shekara guda. Garin Gombe da muke ciki, a 1919 aka dawo da sarauta nan daga Nafada, bayan an ɗauke ta daga Gombe Abba a 1913. Jirgin ƙasa ya iso a 1963, kasuwar auduga da gyaɗa ta jawo mutane daga ko'ina. Duk waɗannan shekaru wasiƙa ce hanyar magana: ɗalibi a Barewa ko Keffi yana rubuto wa gida, sojan da ke ƙasar Bama lokacin yaƙin duniya na biyu yana aiko da gaisuwa, mai karanta Gaskiya Ta Fi Kwabo yana aika ra'ayinsa Zariya, alhaji yana sanar da isarsa Makka, wani da boko, wani da ajami. A nan Bagadaza, da Bolari da Jekadafari da Pantami da Tudun Wada, gidan tsohon malamin makaranta ko ma'aikacin reluwe ko na En'e da wuya a rasa adaka ko akwatin ƙarfe da irin waɗannan takardu a ƙasansa, tare da takardar fili da rasiɗin haraji.

Abokan gabarsu sanannu ne: gara, danshin damina, ɓera, da ranar rabon gado, lokacin da ake ware abin da ke da kuɗi a tara sauran a cinna masa ashana. Akwai kuma wani sabon abokin gaba mai zuwa da kyakkyawar niyya, wato liƙe takarda cikin leda da inji mai zafi, kamar yadda muke yi wa takardun makaranta. Tsohon ambulan da aka yi wa haka ya gama amfani a wurin mai bincike, domin ba a sake ganin tambarin cikin takarda, ba a auna haƙoran gefe, ba a kuma iya ɓare ledar. Salatif ma haka, yana barin jan tabo da ba ya fita. Kuskuren da ya fi yawa kuwa shi ne ɓamɓare kan sarkin daga ambulan a jefar da ambulan. Wanda ya yi haka ya riƙe ƙaramin rabo ya yar da babba.

Wannan duba na ƙwaƙƙwafi ba baƙo ba ne a wurinmu. Masu nazarin tsofaffin littattafan malamanmu a Gidan Arewa da ke Kaduna da Jami'ar Bayero suna ɗaga takarda sama su duba tambarin jinjirin wata uku na takardun Italiya da fatake suka riƙa kawowa ta hamada, su kimanta zamanin da aka kwafi littafi. Idon da ya iya wannan zai iya wancan.

Sai maganar kuɗi, don na san ita ce tambayar farko. Mun ga yadda aka yi ta ruɗin mutane da cewa tsohon kwabo mai huji ko dutsen guga na gawayi ko tsohon keken ɗinki zai mayar da su attajirai. Kada a ɗora kan sarki a wannan layi. Na kwabo da na ahu na 1953 an buga su da ɗimbin yawa, mafi yawansu ba za su sayi ko buhun ruwan leda ba. Na fam 25 kuwa kada wanda ya sa rai zai same shi a ƙarƙashin gadon kakarsa. Wanda ya zo maka da rantsuwa cewa naka na miliyoyi ne amma sai ka biya kuɗin rajista, ɗan damfara ne. Mai ɗan daraja shi ne cikakken ambulan mai hatimin ƙaramin gari da ya fito sarai, ko guda huɗu a manne da farin gefe mai lambar faranti. Ko su ɗin, darajarsu ta ilimi ta fi ta aljihu.

Abin da aikin ke bukata a yau bai fi ƙarfin ɗalibi ba. Masu bincike a zamanin Chase da Nissen sai da suka yi ta aika kaya ta gidan waya suna jiran amsa wata da watanni. Yanzu wayar hannu mai kyamara mai kyau, ko na'urar ɗaukar hoton takarda ta shagon kwamfuta in an sa ta a ma'auni mai ƙarfi, ta isa ta fito da karcewar da ido ba ya gani. A ɗora ambulan a kan baƙin ƙyalle, a ɗauki gaba da baya, a rubuta sunan garin da ke hatimi da kwanan wata. Wasiƙar da ke ciki sirrin gida ce, babu mai bukatar ganinta, kuma ana iya rufe sunan mai ita a hoton. Sannan a mayar da shi cikin farar takarda busasshiya, a ɗaga akwatin daga ƙasa.

Sashen tarihi na Jami'ar Jihar Gombe da na Jami'ar Tarayya ta Kashere suna da ɗaliban da kowace shekara ke neman batun kundin kammala digiri. Jerin hatiman gidajen wayar Gombe, Nafada, Kumo, Dukku, Bajoga, Kaltungo da Billiri, da shekarun da aka yi aiki da kowanne, batu ne da za a iya haɗawa daga adakokin unguwanni, kuma masu bincike na waje za su karɓe shi hannu bibbiyu, su ma su buɗe nasu. Hukumar gidan waya ta ƙasa, NIPOST, tana bikin ranar gidan waya ta duniya kowace 9 ga Oktoba. Muna kira gare ta da jami'o'in nan biyu da su ware wannan rana a Gombe, a sa tebur da na'urar ɗaukar hoto, a gayyaci magidanta su kawo tsofaffin ambulansu, a ɗauka a rubuta, kowa ya koma gida da kayansa.